Lawali, Kafin Ka Taɓa Sukurun Silo

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga ɗana Lawali,

Ina gaishe ka da gaisuwar uba, ina roƙon Allah Ya tsare mini kai a gida da daji, Ya tsare ka a kan hanya, Ya haɗa ka da mutanen kirki a inda za ka. Amin.

Za ka yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali katanga ɗaya ce tsakanin ɗakina da naka. To, ka san yadda muke. Kai ne ɗan fari, ban saba zaunar da kai in yi ta zuba ba, kai ma ba ka saba ɗaga ido ka dube ni ba. In na fara magana ka ce "to, Baba," in na ƙara ka ce "to, Baba," shi ke nan magana ta mutu. Shi ya sa na ari biro na zauna. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, ga ido ya fara gajiya.

Ban hana ka tafiya ba, kuma ba za ni hana ka ba. Kowa a Turba ya ga abin da damina ta yi mana bana. Gero ya ƙone tun bai fid da kai ba, dawa ta tsaya iya gwiwa ta bushe. Kawunka Sani ya ce akwai wurin kwana a Sakkwato, kuma kabu-kabu na ciyar da mai haƙuri. Shi ya sa na miƙa maka makullin babur da hannuna, da zuciya ɗaya.

Amma jiya da hantsi da ka tada shi a ƙofar gida, ina zaune a zaure na ji abin da ban so ba. Silo ya yi sama. Ka saki totur, babur na tsaye, amma injin bai sauko ya yi wannan ɗan kukan nasa na hankali ba, sai ruri yake kamar ana kan tafiya. Na ce maka, "Lawali, ba ka ji kukan nan ya yi yawa ba?" Ka ce, "Ba komai, Baba, haka ya fi, ba ya mutuwa a hannu. In na isa birni za ni ba da shi a rage sukuru."

Ban taɓa shi ba, don babur ya zama naka. Sai dai maganar nan da ka yi, ni na riga ka yin ta, da bakina, lokacin kana goye a bayan innarka. Bari in gaya maka inda ta kai ni.

Shekarar ma fari anka yi, wanda ya fi wanga zafi. Ina da wani tsohon babur da nake ɗaukar kaya da shi. In sari hatsi a kasuwar Isa in kai ƙauyukan bakin iyaka, in dawo da kanwa da dabino. Ana cikin haka silo ya fara hawa, ni kuwa sai na ji daɗi. Hanyoyinmu rairayi ne, injin da ke ruri ba ya mutuwa in ka shiga yashi. Mai yana saurin ƙarewa, ina gani, amma na ce zafin rana ne ke shanye shi.

Wata rana na biyo ta Kamarawa na tsaya bakin rijiya in jiƙa maƙoshi. Mata sun yi layi tun asuba. Rijiyar ta ja baya, guga na fitowa rabi ruwa rabi laka, sai an jira ta tara kafin a sake zurawa. Akwai wata tsohuwa da layi ya zo kanta bayan rana ta take. Ta cika tulunta, ta aje gefe tana naɗa gammo. Ni kuma na sha, na yi godiya, na buga babur. Na ɗaure ƙunshin kanwa a gaba, igiya ta bi ta kan wayar totur, ban kula ba. Ina karya kan babur don in kewaye matan, sai injin ya kwarma ihu. Na firgita, kuloci ya suɓuce mini, babur ya yi tsalle ya doki tulun nan.

Lawali, ban taɓa ganin ƙasa ta shanye ruwa da sauri irin na ranar ba. Tsohuwar ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da na fi jin sauƙi. Durƙusawa ta yi ta ɗora tafin hannunta a kan danshin, ta ɗago ta dube ni ta ce, "Ɗana, jikokina fa ke jira."

Na sauke kayana a nan bakin rijiya, na koma Isa na samo sabon tulu da jarkar ruwa na kai mata har gida. Da na aje, ta ce, "Allah Ya yi maka albarka. Amma abin nan naka ba shi da lafiya, ka kai shi a duba."

Na kai shi wurin Nomau, wani bakanike da ke da rumfa a Isa lokacin, Allah Ya jiƙansa. Bai ɗauki ko sifana ba. Ya tada babur, ya juya kansa dama, ya juya hagu. In ya juya hagu kuka ya hau, in ya daidaita ya ɗan sauka. Ya ce, "Ka ji? Wayarka ce. Igiya ta matse ta, ga yashi ya shiga cikin rigarta." Ya zare ta, ya wanke, ya ɗiga mata baƙin mai, ya mayar ta hanyar da ta dace. Babur ya koma yana kukansa a hankali kamar ba shi ba.

Don haka abu na fari, ka fara da waya. Da injin a kashe, ka murɗa totur ka saki. Ya kamata ya koma da kansa, ka ji ƙas a ƙasa wurin kafireta. In yana komawa da nawa, ko sai ka taimaka masa da hannu, waya ta kama ko ta fara tsinkewa daga ciki. Ka duba kuma akwai ɗan wasa a hannun totur kafin ya fara ja, don in an ɗaure waya tam ba ta barin injin ya huta. Sannan ka tada shi ka juya kai dama da hagu kana saurare. Kuka bai kamata ya canza ba. Kuma duk kayan da za ka ɗaura a gaba, ka dubi inda igiyarka ta bi. A birni ba tulu za ka doka ba. Mace mai goyo za ta ɗaga ƙafa za ta hau, ka sa giya, babur ya zabura. Ka tuna da wannan.

Ka duba cok shi ma, ɗan abin nan da ake ɗagawa in za a tada injin da sanyi, kada ka raina shi. Na taɓa tasowa daga Gatawa har Sabon Birni da cok a ɗage ina zagin masu sayar da mai, wai sun gauraya mini da kananzir. Mai faci ne ya miƙa yatsa ya mayar da shi, yana ta dariya.

Yanzu ga babbar, wadda saboda ita na ari biro.

Bayan gyaran Nomau da 'yan makonni, silo ya sake hawa. Wannan karon dabam yake. In na murɗa na saki, kukan sai ya rataye a sama, ya daɗe kafin ya sauko, wani lokaci salansa ta riƙa tas-tas. Na duba waya kamar yadda anka koya mini, lafiyarta lau. Sai na ce to, ai na gane, sukuru ne. Na ga yadda Nomau ke taɓa ɗan sukurun nan na gefen kafireta, na ɗauki sukundireba na warware shi har kukan ya sauka. Kwana kaɗan ya sake hawa, na sake warwarewa. Na riƙa jin zafin injin yana dukan ƙafata fiye da da, na ce ai bana komai zafi ne. Innarka ma ta ce, "Malam, abin nan warin ƙuna yake." Na ce mata ta bar maganar da ba ta sani ba.

Sai ciwo ya kama ka. Ruwan da muke sha lokacin, in ka gan shi yau ba za ka ba akuya ba. Ka kama zawo da amai, kwana biyu kacal idonka ya faɗa, maɗigarka ta lotsa, ko kuka ba ka iya yi sai ɗan nishi. Kakarka ta dube ka da safe ta ce, "Ku kai shi asibitin Isa yanzu, kada ku jira."

Innarka ta goya ka, ta hau bayana, munka kama hanya. Rana ta fara zafi, yashi ya yi laushi, ni kuwa ina ta murɗawa a ƙaramar giya don mu yi sauri. Mun yi nisa da Turba, ba mu kai ko'ina ba, sai na ji ƙarfin babur ya ragu. Na ƙara wuta. Ya yi wata irin ƙara kamar ana goga ƙarfe da ƙarfe, ya tsaya cak. Na sauka na taka kik, kik ya ƙi motsi. Na hau kansa da duk nauyina, kamar na taka dutse. Injin ya ƙame.

Babu gida kusa, babu inuwa sai wata aduwa da ta zubar da ganye. Na tsuguna ina taɓa nan ina taɓa can, hannuna na ƙuna, ban ma san abin da nake nema ba. Innarka ta tsaya tana kallona. Ka san ta, ko yau ba ta kiran sunanka, kunyar ɗan fari. Ta ce, "Malam, yaron nan ya daina nishi da ƙarfi."

Na ce, "Ki dakata ya huce, zai tashi."

Ta ce, "Kai ka dakata da shi."

Ta gyara goyonta, ta yafa gyale a kanka, ta kama hanya da ƙafa. Takalminta na roba ne, yashi kamar garwashi. Na dubi babur, shi ne abincinmu duka a shekarar. Na dubi bayanta tana tafiya. Na jingine shi jikin aduwa na bi ta da gudu.

Ban san iya tafiyar da munka yi ba. Na karɓe ka na rungume, ba ka da nauyi ko kaɗan, kanka na lilo a kafaɗata. Ina tafe ina karanta duk abin da ya zo bakina. Can sai munka ji takun raƙumi a bayanmu. Wani Buzu ne daga wajen Nijar, ya kai gishiri ya sauke zai shiga Isa. Ya dube mu daga sama, bai tambayi komai ba, ya durƙusar da raƙumin. Ya kwance salkarsa, ya jiƙa gefen rawaninsa ya shafa maka a kai, ya ɗiga maka ruwa a leɓe. Ka motsa baki. Ya ce da innarka cikin Hausarsa mai karyewa, "Hau. Riƙe yaro, ni riƙe raƙumi."

Innarka ba ta taɓa hawan raƙumi ba. Macen da ko jaki ya yi kuka sai ta matsa gefe. Amma nan take ta hau. Raƙumin ya miƙe da ita, ta yi gaba ta yi baya, ba ta sake ka ba. Buzun na jan akala yana sassarfa, ni ina biye, har ƙofar asibiti. Anka karɓe ka anka sa maka ruwa a jijiya. Wajen la'asar ka buɗe ido ka yi kuka, kuka na gaske mai ƙarfi. Innarka ta juya fuska bango don kada a ga nata. Da na fito in yi wa mutumin nan godiya, ya riga ya tafi. Ban san sunansa ba har yau, amma ba na sallame salla ban sa shi a addu'a ba.

Da ka samu sauƙi na koma na tarar da babur inda na bar shi, na turo shi har rumfar Nomau. Ya buɗe injin, fistin ya ƙone, ringi ya manne. Ya yi aikinsa ya haɗa. Da ya tada shi, silo na nan a sama. Ya dubi sukurun da na warware har ya kusa faɗuwa, ya dube ni. Ya lakato giris da yatsa ya shafe robar nan da ke haɗa kafireta da injin. Nan take kukan ya sauka, har injin ya nemi mutuwa. Ya kashe, ya cire robar, ya lanƙwasa ta a gabana. Ga tsaga nan ta ƙasa, inda ido ba ya kaiwa. Zafi ya busar da ita ta fashe.

Ya ce, "Ta nan yake shan iska ta ɓarauniyar hanya. Iska ta yi yawa, mai ya yi kaɗan, injin na ruri yana ƙuna. Kai kuma kana rage sukuru don kada ka ji. Da ka cire fulogi da ka gan shi fari fat."

Na ce, "Yanzu wannan 'yar robar ce?"

Ya ce, "Ita ce. Ya jikin yaron?"

To ka ji, Lawali. Sukurun silo shi ne abu na ƙarshe da za ka taɓa, ba na fari ba. In waya lafiya, cok a mayar, amma kuka na ratayewa a sama, ka nemi inda iska ke shiga. Ka dubi robar sama da ƙasa, ka taɓa ɗaurinta ka ji ko ya saki. Ka shafa mata giris ko sabulu mai kauri injin na aiki, in kuka ya canza ka kama ɓarawon. Kada ka yarda wani ya watsa mata fetur don gwaji, na ga wanda gemunsa ya tafi a haka. In ta tsage ka sa sabuwa. Naɗi da robar tayar keke na kai mutum gida ne kawai, ba gyara ba ne. Ka buɗe akwatin soson da ke tace iska, ka ga ko soson ya yage ko wani ya cire shi. Ka riƙa cire fulogi lokaci-lokaci kana duba bakinsa. Launin ƙasa-ƙasa shi ne lafiya. In ya yi fari, kada ka yi doguwar tafiya sai ka gano dalili.

In duk waɗannan sun fita, to sannan ka zo ga sukuru. Shi ma ba da sanyin safiya ba. Ka ɗan zaga har injin ya yi ɗumi, ka kafe babur a wuri mai daidai, ka riƙa juyawa kaɗan-kaɗan kana saurare. Inda za ka tsaya shi ne inda yake bugawa a natse, ba ya rawa, ba ya neman mutuwa, in ka sa giya ba ya fizga.

Saura guda, ita kam abin dariya ce. Bayan abin nan ya wuce na zama mai yawan buɗe-buɗe. Wata rana a bakin kasuwar Sabon Birni na kwance kan kafireta in wanke, a kan yashi tsirara, ba ko shimfiɗa. Sifirin, ɗan ƙarfen nan mai naɗi da ke ciki, ya yi tsalle, na yi ta rarrafe ina nemansa mutane na tsallake ni. Da na samu, na mayar da ɗan gwangwanin da ke hawa da sauka a ciki, amma a juye, bai zauna cikin gurbinsa ba. Ina taka kik babur ya kurma ihun da ya watsa tumakin wani bawan Allah har cikin rumfar masu tabarmi. Ni kuma na tsaya riƙe da kai na manta inda makulli yake. Don haka in za ka buɗe kafireta, ka shimfiɗa tsumma, ka lura da yadda kowane abu ya fito, kuma in ka mayar ka murɗa totur ka ji ya sauka har ƙasa kafin ka tada. In ya yi maka irin wannan ihu, makulli za ka kashe, ba addu'a kaɗai ba.

In abu ya fi ƙarfinka, ka kai wa bakanike, ba abin kunya ba ne. Amma ka zaɓi wanda zai tsaya ya saurari injin kafin ya ɗauki ƙarfe. Wanda kana isowa ya riga ya kai sukundireba ga sukuru, ka yi masa sallama ka tura gaba. Kuma in wanda ka ɗauka ya ce yana jin wari ko wata ƙara, ka tsaya ka duba, ko da tsohuwa ce da ba ta taɓa riƙe kan babur ba.

Ka kiyaye salla a kan lokacinta. Ka ji maganar kawunka. Ka ci abinci, kada ka ce sai ka tara. Kada ka damu da mu fiye da kima, akwai sauran abin da za mu lallaɓa, kuma Allah bai manta da Gobir ba.

Ɗazu da za ni fara rubutun nan innarka ta shigo ta tarar da ni ina juya biro. Ta ce mi nake yi, na gaya mata. Sai ta ce jiya da ka tada babur tana bayan ƙyaure tana saurare. Wai so take ta riƙe kukansa a kunne, don in babura na wucewa ta bayan gida ta gane naka tun daga nesa ranar da za ka dawo. Na ce mata ai wannan kukan na rashin lafiya ne, in ka gyara shi a birni zai canza.

Ta ce, "To ka gaya wa yaron nan ya gyara shi nan ƙofar gida kafin ya tafi, in ji na gaskiyar."

Na gaya maka. Na san ka shirya fita da asuba, amma Sakkwato ba za ta gudu ba. Ka ba mu hantsi ɗaya. Za ni fito da tabarma da giris in zauna gefe, ba za ni sa maka hannu ba sai ka ce.

Allah Ya yi maka albarka, Ya kai ka lafiya, Ya kare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, Ya dawo mana da kai muna raye, ƙasa ta jiƙe.

Ni ne mahaifinka,
Umaru